Makarantar koyon haɗa sauti ko zaman yaron situdiyo: amsa ga ɗan'uwanmu na Bauchi

Ɗan'uwanmu ya biya kuɗin kwas na wata shida a wata makarantar koyon haɗa sauti a cikin garin Bauchi. An ci wata uku. Su 24 ne a aji, kwamfuta biyu, darasi awa uku sau uku a mako, malamin kuma yau ya zo gobe bai zo ba. Har yanzu bai taɓa ɗaukar muryar mutum da hannunsa daga farko zuwa ƙarshe ba. Tambayarsa: ya daure ya ƙarasa don takarda, ko ya tattara ya koma yaron wani mai situdiyo a Wunti ko Yelwa?

Ɗan'uwa, mu fara da lissafin da ka ba mu. Awa tara a mako, kwamfuta biyu, ya zama awa 18 da za a raba wa mutum 24. Rabonka minti 45 a mako, idan an kawo wuta, malam ya zo, kuma babu mai ƙarfin kafaɗa da ya danne kujera. A mako 24 jimillarka awa 18. Yaron situdiyo mai ciniki yana iya cika wannan a kwana uku, in ogansa ya bar shi ya taɓa. Wannan "in" ɗin ita ce matsalar ɗaya ɓangaren, za mu zo kanta.

Abin da makaranta ta fi situdiyo da shi, in ta amsa sunanta, shi ne dalili. Oga zai ce maka "ajiye shi nan", ba zai gaya maka me ya sa ba, sau da yawa shi ma gadonsa ya yi. Ɗauki ƙarfin shigar murya, wato geyin. A situdiyo da yawa ana murɗa shi har fitila ta fara taɓa ja, wai don murya ta cika. A rikodin na kwamfuta sifili a ma'aunin ƙarfin sauti (0 dB) shi ne rufin ɗaki, abin da ya wuce shi ya fashe, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Malamin kirki zai sa ka ɗauka a saitin inganci na 24-bit, ƙololuwar murya tana yawo tsakanin -12 zuwa -6 dB, ya nuna maka cewa ƙarar da kake nema a wurin mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙa, ake samo ta. Zai gaya maka aikin fim da bidiyo a 48 kHz ake ɗaukarsa (yawan samfurin sauti da kwamfuta ke ɗauka a daƙiƙa ke nan), waƙa zalla tana tafiya a 44.1, kuma fayil ɗin da aka ɗauka a ɗaya aka kunna a ɗayan ba tare da an juya shi ba, sautinsa da saurinsa duka za su kauce, baki ya rabu da magana. Zai bayyana maka me ya sa mawaƙi ke cewa yana jin muryarsa a makare cikin hedifon: bafa ce, wato ɗan guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, ta yi girma. A sa 128 lokacin ɗauka, a mayar 1024 lokacin miksin, wato haɗa muryoyi da kiɗa, don kwamfuta ta numfasa. In wata uku sun wuce ba ka ji ko ɗaya daga cikin waɗannan a aji ba, makarantar ta rasa abu guda da ya sa ake biyanta.

Situdiyo kuma tana ba ka abin da allo ba ya bayarwa: mutane da gaggawa. Sha'iri ya zo da 'yan amshi shida, mayik ɗaya ne, gobe Maulidi. Nan za ka koyi jera su rabin da'ira, mai kaurin murya ya ja baya taku ɗaya, mai siririya ya matso. Za ka koyi tazarar baki da mayik, kamar taƙi ɗaya da ragar tare iska a tsakani, saboda "b" da "f" na Hausa suna buga iska. Za ka gane cewa kalangu ba a kafa masa mayik kamar ganga, don makaɗin yana motsi kuma sautin yana hawa da sauka da matsar tsarkiya, sai ka ja baya kaɗan ka bar masa fili. Za ka koyi lallashin mawaƙin da ya yi baiti sau goma yana jin ya fi kowa. Sai dai za ka kwashi halin oga duka, mai kyau da maras kyau. In shi mutum ne mai fayil guda na manhajar FL Studio ko Cubase da yake zuba kowace murya a ciki, Auto-Tune mai gyara murya a ƙure, amsa-kuwwa har ta nutsar da kalmomi, kai ma haka za ka fito, ranar da aka kawo maka karatun Alƙur'ani ko tallar rediyo ka rasa ta inda za ka kama.

Ga gwaji ɗaya da za ka yi wa ɓangarorin biyu. Tambayi malaminka, ka tambayi ogan da kake son komawa wurinsa: sifika tana ƙugi ƙasa-ƙasa ko babu mai magana, me zan yi? Wanda bai sani ba zai ce ka rage bas a ikwalaiza. Wanda ya sani zai ce wutarmu 50 Hz ce, ita kake ji, kuma yawanci ta shigo ne don kwamfuta tana soket ɗaya, miksa ko sifika tana wani, ko kuma waya mai layi biyu ta yi tsawo ta bi gefen wayar wuta. Magani: a zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ƙugin ya ɗauke, a mayar da kayan duka kan layin wuta guda, a yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku, fiyano kuma ta bi ta akwatin DI, ƙaramin akwatin da ke daidaita sautinta kafin ya shiga miksa. Wanda ya ce ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi, guje shi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe, leɓen mai riƙe da mayik za ta bi.

Akwai ɓangaren da ɗalibai ke rainawa alhali a Bauchi da Gombe shi ne ba ya yankewa: sautin fili. Biki, walima, wa'azi, tafsirin azumi, taron siyasa. A nan masu hayar sifika sun yi wa ƙananan makarantu nisa, domin makarantar da ke da kwamfuta biyu da wuya ta mallaki amfilifaya da za a ba ɗalibi ya haɗa. Amma a nan ne kuma rashin ilimi ke cin kuɗi. Om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta: sifika biyu masu om 8 da aka jona gefe da gefe (paralel) a mafita ɗaya ta amfilifaya sun zama om 4, huɗu sun zama om 2. Amfilifayar da aka rubuta mata 4 aka ɗora mata 2 za ta yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar taro, ko ta ƙone. Amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, kuma ba a tayar da janareto kaya suna jone sai ya daidaita. Kuwwar nan mai tsaga kunne, mayik ne ya shiga gaban sifika ko geyin ya yi yawa. Ba a maganinta da tafin hannu a kan mayik, rufe shi ƙara ta yake yi. In an jera sifika ta biyu mita 30 cikin jama'a, sauti yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka sai an jinkirta ta da kusan milisakan 87, in ba haka ba na baya za su riƙa jin malam biyu suna wa'azi ɗaya. Yaron haya yakan san rabin wannan da hannu bayan ya ga an yi asara. Ɗalibin makarantar kirki yakan san lissafin, amma bai taɓa naɗe waya mita 50 cikin ƙura ba.

Gyaran ɗaki don sauti kuwa, duka biyun sukan faɗi. Kiret ɗin ƙwai a bango ba ya hana ƙarar Keke Napep shigowa, soso siriri kuma saman sauti kawai yake sha, ya bar bas yana yawo a kusurwa. Makarantar da ta liƙa kiret ta kira wurin situdiyo ta riga ta gaya maka matsayinta.

Sai takarda. Mawaƙi ba ya tambayar satifiket, cewa yake "kunna min aikinka". Inda takarda ke magana shi ne neman aiki a gidan rediyo ko talabijin, irin su BRC, BATV da Globe FM a Bauchi, musamman na gwamnati inda ake ɗaukar ma'aikaci bisa matakin karatu. Can ma takardar da aka sani ake dubawa. Hukumar NBTE da ke Kaduna ita ke tantance kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a masu ba da shaidar ƙasa. Tambayi makarantarku kai tsaye ko kwas ɗinku yana da amincewarta, a nuna maka a rubuce. Rajistar kamfani da CAC daban take, ba tantance karatu ba ce. In babu, abin da za ka karɓa shaidar halarta ce, ba laifi ba ce amma ba ta kai a yi mata zaman wata uku na banza ba. Mai son takarda mai nauyi ya dubi sashen aikin jarida na Federal Polytechnic da ke Gwallameji, ko ya haura Jos, inda National Film Institute da kwalejin talabijin ta NTA suke.

Yanzu waccan "in". Yaron situdiyo da yawa yakan shekara yana shara, sayo fetur da kai saƙo, oga kuma yana juya baya in ya zo wurin miksin don kada a gaje shi. Kada ka shiga sai da magana a gaban babba, mahaifinka ko yayanka: wata nawa, yaushe za ka fara zama kan kujera, kuma za a bar maka situdiyo awa biyu da safe kafin masu aiki su zo? Wanda ya ƙi amsa wannan, ɗan aike yake nema.

Ra'ayinmu, tunda kuɗin ya riga ya fita kuma da wuya ya dawo, kada ka fice gobe. Ku haɗu ku biyar ko shida ku rubuta wa shugaban makarantar buƙata uku: a raba aji gida huɗu da jadawalin zama kan kwamfuta, kowane ɗalibi ya ɗauki murya ɗaya ya haɗa ta da kansa duk mako biyu, malam kuma ya saurara a gabansa ya faɗi gyara. Ku ba su mako biyu. Kwana huɗun da ba ka da aji, ka bi masu hayar sifika ko ka zauna a situdiyo, abin da ka gani can ka kawo shi aji a matsayin tambaya. In mako biyun sun cika ba a canza komai ba, kada ka ƙara musu ko kwabo. Kuɗin da za ka kashe nan gaba ya tafi ga saundkad, akwatin da ke haɗa mayik da kwamfuta, mai ƙofa biyu irin Scarlett 2i2, hedifon mai rufe kunne da mayik dainamik irin SM58, wanda ya fi mayik nau'in kondensa haƙuri da ɗakin da ba a gyara ba kuma ba ya buƙatar wutar 48V. A kula da na jabu, sun cika kasuwa, a gwada kafin a biya.

Ka turo mana rikodin ɗinka na farko na minti ɗaya, murya zalla ba kiɗa ba ado, a WAV ba MP3 ba, kuma ka aiko shi a matsayin fayil don WhatsApp yana matse saƙon murya.