Katako da ƙarfe: abin da za ka duba kafin ka sayi kayan haɗa teburin farko

Mai son haɗa teburi ko benci da hannunsa, saman katako, ƙafafu ƙarfe, yakan ɗauka wahalar aikin tana wajen yanka da walda. Mafi yawan ɓarnar kuwa tun a kasuwa ake sayo ta. Katako abu ne mai motsi: yana shan damshi da damina ya kumbura, ya tsuke idan hunturu ya shigo. Ƙarfe ba ruwansa da wannan. Saman teburi mai faɗin santimita 90 yana iya tsukewa da kusan santimita guda tsakanin Agusta da Fabrairu a gari irin Kano ko Zinder, alhali firam ɗin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa bai motsa ko rabin milimita ba. Duk zaɓin da za ka yi, na katako ne ko na faif (bututun ƙarfe) ko na sukuru, da wannan saɓanin za ka auna shi.

Mu fara da katakon, don nan kuɗi suka fi tafiya.

A 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako ta Yamai, abin da za a fara nuna maka shi ne farin katako, wato obeche da afara. Obeche ba shi da nauyi, wajen kilo 380 ne a kowace mita kubik, yana yankuwa cikin sauƙi, yana karɓar ƙusa ba ya tsagewa, kuma yana da araha. Amma farce ma yana yi masa shaida, balle gindin tukunya. Ƙwaro kuma yana sonsa ƙwarai. Ya dace da cikin durowa da bayan kabad, da kuma koyon hannu. A saman teburin cin abinci kuwa asarar fenti ce. Afara ya ɗan fi shi ƙarfi, sai dai shi ma gara ba ta raga masa.

Malaina tana tsakiya. Shuka ta ake yi a gandun daji, launinta fari ne mai ɗan rawaya, nauyinta bai kai na madaci ba, kuma idan ta bushe sosai ba ta cika murɗewa ba. Matsalarta jinkirin bushewa: waje ya bushe ƙayau, ciki da sauran ruwa. Wanda zai iya haƙurin ajiye ta, to ita ce ta fi dacewa da aikin farko, don in ka ɓata falanki ɗaya ba za ka yi kuka ba.

Sai manya. Madaci ja ne, mai nauyi, yana ɗaukar banish ya yi kyau, amma zarensa a sarƙe yake, wani layin ya nufi gabas wani ya nufi yamma, shi ya sa injin fere katako yakan ɓantare masa fuska idan wuƙar ta dakushe ko an ciza da yawa a tafiya ɗaya. Iroko, wanda Hausawa ke kira loko, yana kaiwa wajen kilo 650. Sabon yanka rawaya yake fitowa, sannan ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa bayan ya sha haske. Gara ba ta cika cin zuciyarsa ba, wato tsakiyar itacen mai duhu, motsinsa tsakanin damina da rani kaɗan ne, don haka a ganinmu babu kamarsa wajen saman teburi mai firam ɗin ƙarfe. Yana da nasa halin: akan tarar da wani farin dutse a cikinsa da ke kashe bakin zarto, ƙurarsa kuma tana sa atishawa da ƙaiƙayin fata, sai da takunkumi. Kawo ya fi su duka tauri da nauyi, ga rashin motsi, amma da zarton hannu sai ka gaji kafin ka gama falanki biyu, kuma ba ya karɓar sukuru sai an huda masa rami tukuna. Madobiya kuwa, duk kyanta, tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda saran da aka yi mata, mai koyo ba shi da dalilin nemanta.

Sunan katako ba ya wadatarwa, sai ka duba falankin kansa. Ka ɗaga shi ta gefe ɗaya ka leƙa tsawonsa da ido guda, ka ga ko ya lanƙwasa ko ya murɗe. Lanƙwasa kaɗan inji zai gyara. Murɗewa kuwa cin kaurin katakon za ta yi har ya zama ba shi da amfani. Ka kankare wuri kaɗan da wuƙa, don akwai masu shafa wa farin katako kala ya yi kama da madaci. Ka duba gefuna: farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ko a jikin iroko ne ƙwaro yana ci, kuma kuɗin zuciyar katako za ka biya a kansa. In ka ga ƙananan ramuka kamar na allura da gari mai laushi yana zuba, ajiye shi ka wuce. Sannan ka tafi da tef ɗinka. Abin da ake kira ɗaya-bisa-sha-biyu, wato kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, ba kasafai yake cika ba, kuma bayan an fere shi fuska biyu, milimita 25 ɗin nan takan dawo 19 ko 20.

Batun bushewa ya fi duk waɗannan. Yawancin iroko da obeche da afara daga dazukan kudu ake ɗauko su, suna isowa Arewa da ruwansu. Mai sayarwa zai ce maka busasshe ne, domin a hannu ya bushe. In ka haɗa teburi da shi a watan Oktoba, kafin Janairu za ka ga tsaga tsakanin falankai har tsinken sakace ya shige. Akwai ƙaramar na'urar auna damshi mai allura biyu, ba ta da tsada. Don kayan cikin ɗaki a Arewa ka nemi kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, abin da ya haura 15 kuwa na ajiya ne, ba na aiki ba. In babu na'urar, yanki guntu daga tsakiyar falanki ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa mako biyu a jere, ya yi. A jera falankan a inuwa, nesa da ƙasa, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu duk bayan santimita 50, kowace sanda daidai kan ta ƙasa da ita, a ɗora nauyi a sama. A shafa wa bakunan biyu tsohon fentin mai, saboda iskar hunturu tana busar da baki kafin ciki, nan tsagewa ke farawa. Kada a shanya a rana don a yi sauri.

Wanda ba shi da wurin ajiya ko haƙurin jira, yana da mafita a allunan kamfani masu ƙafa 4 da ƙafa 8. Filawud, wato siraran katakai da aka manna kan juna, mai milimita 18 ba ya kumbura ya tsuke kamar falanki, yana riƙe sukuru, kana iya ɗaure shi a firam kai tsaye. Sai dai ka leƙa gefensa ka ƙirga layuka, ka guji mai rami a tsakiya. MDF, allon da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam, ya fi santsi, fenti yana kwanta masa, amma da ruwa ya taɓa bakinsa zai kumbura ba zai koma ba, sukuru kuma ba ya zama a gefensa. Don teburin karatu a ɗaki ya isa. Don wurin da ake zubar da shayi da miya, a'a.

Yanzu ƙarfe. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, abin da ake buƙata shi ne faif mai kusurwa huɗu, kuma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce kaurin bangonsa, don faif mai milimita 40 a waje ana samunsa da kauri 0.8, da 1, da 1.2, da 1.5, da 2, duk kamarsu ɗaya daga nesa. Mai 0.8 da mai 1 su ne ke sa sabon mai walda ya tsani aikin: da ka ɗan daɗe a wuri ɗaya sai wuta ta huda shi, kana cike rami wani yana buɗewa, giranda, injin goge walda, kuma ta cinye ɗan abin da ya rage. Ka ɗauki 1.5 don ƙafafun teburi da benci, 1.2 ga faif mai milimita 25 na ƙananan kantoci da kujerun zama ɗaya, 2 idan saman kawo ne mai kaurin inci biyu. Hanyar ganewa ita ce ƙaramin ma'aunin kauri, ko sikeli: faif 40 da 40 mai kauri 1.5 yana yin wajen kilo 1.8 a mita, wato kusan kilo 11 a tsawon mita 6, mai kauri 1 kuwa bai wuce kilo 7 da ɗoriya ba. A auna tsawon ma, don wani ba ya cika mita shidan.

Baƙin faif ya fi mai ruwan tutiya dacewa da kayan ɗaki. Mai tutiyar ba ya tsatsa da wuri, gaskiya ne, amma idan aka sa masa wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon kai, waldar tana fitowa da ramuka, fenti kuma ba ya kama shi sai da shiri na musamman. Kada ka ɗauke shi sai in bencin tsakar gida ne da ruwan sama zai doka. Angul, wato ƙarfe mai siffar L, mai milimita 30 ko 40 yana da amfani a inda katako zai kwanta, domin huda shi ya fi huda faif sauƙi.

Ga lissafin teburin mutum shida, tsawo santimita 180, faɗi 90, tsayi 75. Ƙafafu huɗu masu santimita 72 sun ci kusan mita 3. Zagayen sama, biyu masu 160 da biyu masu 70, mita 4.6. Ƙara sanduna biyu a tsakiya don tallafar katako, mita 1.4. Duka mita 9 ke nan, faif biyu, da ragowar da za ka koyi walda a kai kafin ka taɓa na aikin. A ɓangaren katako, falanki mai ƙafa 12 santimita 366 ne, in an raba biyu kowane 183. A takarda falanki biyu sun ba ka guda huɗun da za ka jera su cika faɗin 90, tunda faɗin falanki ba kasafai yake cika ba. A zahiri bakunan sun tsage, sai ka yanke santimita 5 zuwa 10 kowane gefe. Ko dai ka sayi huɗu ka ciri mai kyau ɗaya daga kowanne, ragowar ta yi benci, ko ka rage teburin ya koma 165.

Injin walda iri biyu ne a kasuwa. Tsohon mai tiransifoma, mai nauyi, yana jure wahala kuma kowane mai gyara ya san cikinsa, amma yana jan wuta sosai, da wutar ta yi ƙasa kuma sandar ta riƙa mannewa. Na inbata ɗan ƙarami ne, ana rataya shi a kafaɗa, wutarsa tana tafiya sumul a kan siririn faif, ya fi sauƙi ga mai koyo. Ƙura ce abokiyar gabarsa, a riƙa hure shi ana rufewa. In da janareta za ka yi aiki, ƙaramin na fitila da fanka ba zai ja ba, ka nemi mai kVA 5 zuwa sama. Sandar walda geji 12, wato milimita 2.5, nau'in 6013, a kan amfiya 60 zuwa 80, ita ce ta faif mai 1.5. Geji 10 ta yi masa zafi. Wanda teburi ɗaya ko biyu kawai zai yi a shekara, gara ya yanka ƙarfensa da kansa, ya kai wa mai walda na unguwa, ya tsaya a kansa: a ɗiga walda a kusurwa huɗu tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, in awon biyu ya zo ɗaya sannan a cike, ana yi ana sauya gefe, don walda tana jan ƙarfe wajen da ta huce.

Ƙananan kayan da ake mantawa su ne ke haɗa aikin. Farin gam na katako, irin Top Bond, shi ake haɗa falanki da falanki da shi, a matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, aƙalla huɗu, biyu sama biyu ƙasa, a bar shi ya kwana. Gam mai wari na manna fomaika ba na wannan aikin ba ne. Kada kuma a manna katako a ƙarfe da kowane irin gam. Sukuru ake sawa daga ƙasa, kuma ramin da ke jikin ƙarfen ba zagayayye ake yi ba: a tsakiyar faɗin teburin kaɗai ake barin rami daidai sukuru, na gefuna a tsawaita su kamar milimita 12 zuwa 15 ta wajen faɗin katakon, a sa washa, a ɗaure ba can-can ba. Haka katakon zai samu wurin zamewa idan yanayi ya juya. In aka ɗaure shi tamau ta ko'ina, da hunturu zai so tsukewa ƙarfe ya hana shi, sai ya tsage daga baki, wani lokacin da ƙara cikin dare.

A wanke faif da tina, ruwan da ake tsarma fenti da shi, a cire man kamfani kafin komai, a goge da samfefa, a sa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai sau biyu. A gama fentin ƙarfe kafin a ɗora katako, domin tsiraicin ƙarfe idan ya haɗu da damshi yana bar wa wasu katakai baƙin tabo da ba ya goguwa. Banish ɗin katako kuma a shafa shi sama da ƙasa da bakuna daidai wa daida. In sama kaɗai aka rufe, ƙasa za ta riƙa shan iska ita kaɗai, teburin ya kwarɓe. Ka sayo marufan roba huɗu daidai girman faif ɗin don gindin ƙafafu, ko mafi kyau masu noti da ake murɗawa a daidaita tsayi, tunda daɓen ɗakunanmu ba kasafai yake kwanciya daidai ba, kuma ƙafar da aka bari a buɗe ruwan goge ɗaki ne zai shige ta ya cinye ta daga ciki.