Shagon tsofaffin lambobin yaƙi da na yi oda a Ingila: kaya na gaske, bayani rabi da rabi

Masu tambayata ko akwai amana a shagunan nan na intanet da ke sayar da tsofaffin lambobin yabo na soja, toh ga abin da na gani. Shagon a Ingila yake, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a ciki. Abin da na saya lambar yaƙin da Ingila ta yi da masarautar Asante, a Ghana ta yau, ce ta 1873 zuwa 1874, wadda aka ba wani sojan ruwan Ingila da ya yi aiki a jirgin HMS Active, kuma na ƙara kuɗi suka haɗo min da binciken tarihin aikinsa.

Lambar dai ba laifi wallahi. Azurfa ce, gaba kan Sarauniya Victoria da lulluɓi, baya kuma zanen faɗa ne a cikin kurmi, sojoji da mayaƙan Asante a cakuɗe gindin bishiya, aikin Edward Poynter, sai ka juya ta a haske sannan kake ganin kowane mutum ɗaya ɗaya. Ƙyallen da ake rataya ta da shi ruwan ɗorawa ne da baƙin gefe da siraran layuka baƙaƙe biyu, kuma shagon sun faɗi gaskiya tun farko cewa ƙyallen sabo ne aka canja, wannan ya burge ni don wasu da sai su yi shiru. A jikin gefen lambar an zana sunan mutumin da muƙaminsa da jirginsa da 73-74, akwai ɗan lotsawa a wajen kamar ta taɓa faɗuwa ƙasa, shi ma sun nuna a hoto. Sannan tana da ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a saman lambar da aka rubuta Coomassie, yadda Turawan lokacin ke rubuta Kumasi, babban birnin Asante, kenan, shi ne ke ɗaga farashi don ba kowa ya samu ba, da yawa a bakin teku suka tsaya ko zazzaɓi ya kwantar da su kafin a kai can.

Inda kuɗina ya biya ni shi ne takardun. Sun ciro kwafi daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, rajistar aikin sojojin ruwa da kuma jerin waɗanda aka ba lamba, kuma sunan da ke jikin lambar ya yi daidai da na jerin, in ba haka ba ai ka sayi azurfa kawai. Tun 1853 rundunar ruwan Ingila ta fito da tsarin ɗaukar mutum aiki na dindindin, yaro ya shiga ya sa hannu zai yi shekara goma daga ranar da ya cika 18, shi ya sa ake iya bin sawun mutum jirgi bayan jirgi. Nawa mutumin da yaro ya shiga a jirgin horo, ya zama ƙaramin matuƙi, ya zama cikakke, takardar har tsawonsa ta rubuta da launin idonsa da gashinsa da zanen anka a hannu, ga layin hali an cika shi da yabo sai wuri ɗaya da aka sauke shi muƙami, ba a faɗi laifin ba, ni dai giya nake zargi tunda kullum ana raba musu ita a jirgi. Kana karantawa kana ganin talaka ne ɗan'uwanmu da ya bi abinci har Cape Coast a gaɓar tekun Ghana ta yau.

To amma bayanin yaƙin da suka rubuto shafi guda, nan ne raina ya ɓaci. Wolseley, Wolseley, wato janar ɗin Ingila da ya jagoranci yaƙin, sai Kwamanda Hewett da rundunar sojan ruwansa, an tsallake kogin Pra, an gwabza a Amoaful ran 31 ga Janairu 1874, an shiga Kumasi 4 ga Fabrairu. Duk gaskiya ne. Amma ƙona garin da rushe fadar sarkin Asante Kofi Karikari layi ɗaya suka ba shi kamar an share tsakar gida, dubban 'yan dako Fante da suka ɗauki kayan a ka babu su, Hausawan Glover ma ko ambato. Alhali shi John Glover ɗin ma hafsan sojan ruwa ne, ya tara dakarun Hausawa a Legas tun 1863, yawancinsu bayi ne da suka gudu, kuma da su ya biyo ta wajen kogin Volta ya iso Kumasi bayan Wolseley ya riga ya juya. Mu da kakanninmu suka yi fataucin goro zuwa kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau mun san yaƙin nan ya taɓa mu, daga lokacin ne ikon Asante a kan kasuwar ya karye. Na tura musu imel a kan haka, amsar da ladabi amma a taƙaice cewa su tarihin mai lambar kawai suke bi.

Kawowa kuma ta ɗan ja, lambar bin sawun saƙon da suka turo ba ta aiki sai da na matsa, kwalin da ya zo ya yi wa abin ciki girma amma an naɗe ta da kyau.

Zan sake saye a wajensu? Eh, don ba su ɓoye aibin kaya. Amma dan Allah kafin ka tura ko sisi ka ce a ɗauko maka hoton gefen lambar kusa kusa, in ka ga gefen ya sirance ko rubutun bai zauna daidai ba to an goge wani suna an sake sassaƙa wani ne, kuma ka tabbatar jerin Kew ya nuna mutumin ya cancanci ƙarfen Coomassie ɗin, don ana maƙala shi daga baya a ninka maka kuɗi.