2.5 da 2.50, 13 da 13.23: Inda Ake Ƙara Lamba da Inda Ake Ragewa

Wata ƙanwarmu da ke shirin WAEC ta kawo ƙorafi. Ta ce a furaktikal na fiziks ta auna kaurin wani bututu da ma'aunin Vernier, ta rubuta 2.5 cm, malam ya sa jan biro ya ce 2.50 ake so. A tambaya ta gaba ta ninka tsawo 4.2 cm da faɗi 3.15 cm, kalkuleta ta ba ta 13.23, ta kwafe yadda ta gani, malam ya sake jan layi ya ce 13 ake so. Sai ta ce: "Nan an ce in ƙara, can an ce in rage. To wanne zan kama?"

Ƙanwata, malaminki bai yi baki biyu ba. Doka ɗaya ya yi miki hukunci da ita a wuraren biyu. A darasin lissafi 2.5 da 2.50 abu ɗaya ne, babu gardama. A ɗakin gwaji kuwa lamba shaida ce: tana faɗin abin da kayan awonki suka gani, ba ƙari ba ragi. A ta farko kin ɓoye wani abu da kika gani, a ta biyu kin ba da shaida kan abin da ba ki gani ba.

Mu ajiye na farkon gefe da gefe. Wanda ya rubuta 2.5 cm cewa yake yi: rula na riƙe, ƙaramin layinta milimita ɗaya ne, ainihin kaurin yana tsakanin 2.45 da 2.55. Wanda ya rubuta 2.50 cm cewa yake yi: kayan awona suna ganin kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin yana tsakanin 2.495 da 2.505. Tazarar ta ragu sau goma, kuma sifirin nan na ƙarshe shi kaɗai ya ɗauko wannan labari.

Ki tuna yadda kika yi awon. Kin matse bututun a bakin ma'aunin, kin duba babban sikeli kin ga 2.5. Daga nan kin sunkuya kan ƙaramin sikelin da ke zamewa, mai rabo goma da aka shimfiɗa a kan milimita tara, kina neman layin da ya yi daidai da na sama. Kin bi su ɗaya bayan ɗaya, sai kika ga layin sifiri ne ya dace. Wato ba rashin lamba kika samu ba, sifiri kika karanta da idonki, kamar yadda za ki karanta 3 ko 7 in su ne suka dace. Wannan dabara ta Pierre Vernier ce, ɗan Faransa, tun 1631, kuma duk amfaninta shi ne ta ba ki wannan lamba guda da rula ba ta iya bayarwa. Kin same ta, sannan kin bar ta a kan tebur. Haka ma a kemistiri: in biyuret, wato bututun gilashin nan mai layukan awon ruwa, ta tsaya a 24.50 cm³, a rubuta 24.50, kar a gajarta.

Kada ki raina abin da lamba ɗaya ko biyu ke iya ɓoyewa. Tsakanin 1892 da 1894 Lord Rayleigh a Ingila yana auna nauyin iskar naitirojin. Wadda ya tace daga iskar da muke shaƙa, kowace lita ta ba shi giram 1.2572. Wadda ya samo daga sinadarai irin su amoniya kuwa giram 1.2505. Da ya gajarta zuwa lambobi biyu, duka biyun 1.3 ne, magana ta mutu a nan. Amma ya san kaifin sikelinsa, ya san bambancin kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyu ya fi ƙarfin kuskuren awo, sai ya ƙi sakin maganar. Shi da William Ramsay suka bi diddigi har 1894 suka gano akwai wata iska mai nauyi da ta laɓe a cikin naitirojin ɗin sararin sama, ita ce agon, wadda ta kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya ba tare da kowa ya san da ita ba. A 1904 kowannensu ya karɓi kyautar Nobel, ɗaya a fiziks ɗaya a kemistiri.

Yanzu na biyun, 13 da 13.23. Nan ba sai kin yarda da ni ba, ɗauki kalkuletar ki gwada. Tsawon 4.2 yana iya zama ko'ina daga 4.15 zuwa 4.25. Faɗin 3.15 kuma daga 3.145 zuwa 3.155. Ninka ƙananan biyu, za ki samu kusan 13.05. Ninka manyan biyu, kusan 13.41. To amsar gaskiya tana yawo tsakanin 13.05 da 13.41. Me ya tsaya bai motsa ba? 13 kawai. Ita 2 ɗin da ke bayan ɗigo ba ki da tabbacinta, balle 3. Shi ya sa a ninkawa da rabawa amsa take bin awon da ya fi ƙarancin muhimman lambobi, wato lambobin da kayan awo suka gani da gaske: 4.2 tana da biyu, 3.15 tana da uku, amsa ta tsaya a biyu. Tarawa da ɗebewa dokarsu daban, can gurbin bayan ɗigo ake dubawa: 12.1 da 0.36 sun ba da 12.46, a rubuta 12.5.

In aka ce in zaɓi wanda ya fi illa a cikin kurakuran nan biyu, ƙari zan zaɓa, kuma shi na fi gani a takardun ɗalibai. Mai ragewa kansa ya yi wa asara. Mai ƙarawa kuwa yana sa na gaba da shi ya dogara da abin da babu shi. Kalkuleta ba ta san da rula aka yi awo ko da maikromita (ma'aunin kauri da ya fi Vernier kaifin gani) ba, duk abin da fuskarta za ta iya ɗauka sai ta zubo miki. Misali sananne shi ne zafin jikin ɗan Adam. Likitan Jamus Carl Wunderlich ya wallafa bincikensa a 1868, inda ya tsayar da matsakaicin zafin jiki a digiri 37 na Selsiyos, lambobi biyu. Da aka juya shi zuwa ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi, sai ya fito 98.6, lambobi uku. Mutane suka riƙe 98.6 kamar an auna shi har bayan ɗigo, alhali 37 ɗin asali tana ɗauke da duk abin da ke tsakanin 36.5 da 37.5, wato daga 97.7 zuwa 99.5 a Farenhait. Lissafin juyi ne ya haifi lamba ta ukun, ba ma'aunin zafi ba.

Sifiri ne ke yawan rikita ɗalibai, don ba kowane sifiri ne ake ƙirgawa ba. A 0.0045 sifirorin farko gurbi kawai suke riƙewa, muhimman lambobi biyu ne. A 1.005 duka huɗun suna aiki. A 2.50 na ƙarshen yana aiki. Wadda ke da duhu ita ce irin 4500: ba a san ko an auna har ƙarshe ko ƙiyasi aka yi ba. Ana ba da labarin cewa masu safiyon Birtaniya a Indiya sun lissafa tsayin dutsen Everest ya fito ƙafa 29,000 cif, amma a 1856 aka sanar da 29,002 don kada a zaci cike lamba aka yi. Yau ba ma buƙatar wannan wahala. Ki rubuta 4.5 × 10³ in biyu kika tabbatar, 4.50 × 10³ in uku ne. Abin da aka ƙirga kuwa, kamar lilo 20 na fendulum, ba awo ba ne, don haka ba ya rage miki lamba.

Abu ɗaya zan ƙara don kada ki ɗauka yawan lambobi shi ne dacewa da gaskiya. Madubin na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble, da aka harba a 1990, an goge shi da tsantseni irin wanda ba a cika samu ba, amma siffar da aka ba shi ta kauce da kusan milimita 0.0022 a gefe, saboda kayan da aka yi gwajinsa da su an haɗa su ba daidai ba. Hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi har sai da 'yan sama jannati suka je gyara a Disambar 1993. Ƙaramin ɗan'uwan wannan matsala yana jiranki a ɗakin jarrabawa. Kafin ki sa komai a bakin Vernier ko maikromita, rufe shi tukuna ki duba ko sifiri ya hau kan sifiri. In ya wuce da 0.02, rubuta shi a gefe, ki ɗebe shi daga kowane awo. A tsakiyar lissafi ki bar lamba ɗaya ko biyu fiye da buƙata, sai a amsar ƙarshe ki cike, sannan ki tabbatar duk awon da ke layi ɗaya a jadawalin sakamakonki yana da gurbi iri ɗaya bayan ɗigo, don nan ne idon mai makin ke fara sauka.