Labarin ɓacewar ƙudan zuma: tsakanin littafi da zahiri

'Yar'uwa, kin ce littafin Maja Lunde, marubuciyar ƙasar Norway, wanda ya fito a 2015 kan ɓacewar ƙudan zuma, ya tayar miki da hankali, har kika tambaya ko abin da ta bayyana zai iya faruwa ko kuwa ƙirƙira ce kawai.

A littafin, wani mai kiwon zuma a Ohio ya buɗe amyoyinsa a 2007 ya tarar ƙudan sun watse. Wannan ya faru da gaske, domin tun ƙarshen 2006 masu kiwo a Amurka suka riƙa samun amya da sarauniya a ciki, ga zuma, ga 'ya'ya a saƙa, amma ma'aikatan sun tafi ba gawa ba alama. Masana sun ɗora laifin a kan abubuwa da yawa da suka haɗu: wata ƙaramar kaska mai suna Varroa, cututtuka, ƙarancin furanni, da magungunan ƙwari, waɗanda Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018.

Haka nan matar cikin littafin da ke hawa bishiya a lardin Sichuan na ƙasar Sin a 2098 tana yi wa furanni barbara da hannu, saboda babu ƙudan zuman da za su yi, tana da madafa a zahiri. A gundumar Hanyuan ta ƙasar Sin, manoma sun daɗe suna ɗibar ƙurar fure da ɗan tsinke mai gashin kaza, suna shafa ta fure bayan fure.

Inda littafin da zahiri suka rabu shi ne batun yunwa. Littafin ya nuna duniya ta durƙushe, alhali shinkafa da alkama da masara ba su dogara da ƙudan zuma ba, iska ce ke yi musu barbara ko su yi da kansu. Abin da zai yi ƙaranci shi ne 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, kuma wannan ma ba ƙaramar asara ba ce ga lafiyar jama'a. Sannan yawan amyoyin da ake kiwo a duniya ƙaruwa ya yi tun 1961, ba raguwa ba.

A ganina, babban giɓin littafin shi ne ƙudan daji, wato dangin ƙudan zuma da ba a kiwonsu. Nau'insu ya haura 20,000, akasarinsu ba sa yin zuma, kuma ba su da mai kiwon da zai sake cika musu amya idan sun mutu.