Gyaran Fentin Silin Ɗakin Girki: Abin da Za a Saya Idan Ya Fara Ɓamɓarewa

Silin ɗakin girki ya fi kowane sili a gida shan wuya, domin tururi da hayaƙin mai sama suke tashi, su kwanta a kansa kullum. Idan fenti ya fara ɓamɓarewa, mutane da yawa kan garzaya su sayi fenti mai tsada su shafa a kai, bayan 'yan watanni kuma matsalar ta dawo. Dalili shi ne sabon fenti ba ya kama filasta kai tsaye, abin da ke ƙarƙashinsa yake kamawa, don haka mafi yawan kuɗin gyara ya kamata ya tafi ne ga shirya wurin.

Kafin a sayi komai, a ɗauki ɓawon fentin da ya faɗo a juya bayansa. Idan an ga farin gari yana maƙale wa yatsa, to an shafa fentin ne a kan farar ƙasa ko a kan sabuwar filasta da ba a fara ba ta siririn shafin fenti da aka tsarma da ruwa ba. Idan bayansa sumul ne, wurin da ya bari kuma yana ƙyalli, fentin ruwa aka ɗora a kan fentin mai ba tare da an goge shi da sanfefa ba. Idan akwai tabo mai ruwan ƙasa da ya yi zobe, ruwa ne ke yoyo daga rufi ko daga bututu, kuma babu gwangwanin da zai magance wannan sai an toshe yoyon, silin ya bushe sarai.

A tsohon gida ana bukatar taka-tsantsan kafin a fara kankara. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda Amurka ta hana a fentin gidaje a 1978, kuma ƙurarta tana da illa ƙwarai ga ƙananan yara. Haka nan tsohon shafin sili mai zane-zane yana iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda Birtaniya ta haramta gaba ɗaya a 1999. Inda ake zargin ɗaya daga cikinsu, a sa ƙwararre ya gwada tukuna.

Ƙananan kayan aiki ba su da wuyar zaɓi: makankari mai faɗi, sanfefa mai lamba 120, sabulun cire maiƙo, takunkumin fuska da tabarau. Wajen cike ramuka, fila ta gari da ake kwaɓawa ta fi wadda ake sayarwa a kwaɓe, domin ba ta cika motsewa bayan ta bushe ba.

Babban zaɓin yana wajen fentin share fage, wato wanda ake shafawa kafin na sama. Na ruwa shi ne mafi sauƙin aiki, ba shi da wari sosai, ana wanke buroshinsa da ruwa, kuma ya isa idan silin yana da tsabta, amma tabon ruwa da na maiƙo sukan ratso ta cikinsa su sake bayyana. Na mai ya fi shi riƙe tabo, yana kuma shiga cikin filasta mai gari ya ɗaure ta, sai dai warinsa yana da ƙarfi kuma yawanci sai ya kwana kafin a ɗora wani shafi. Akwai kuma na shelak (wani nau'in ƙaro), irin su Zinsser B-I-N, wanda ya fi duka toshe tabon hayaƙi da maiƙo, yana kama fenti mai ƙyalli, kuma ana iya shafa wani a kansa bayan kimanin minti 45. Aibinsa shi ne tsada da ƙarfin wari, ga shi yana kama wuta, don haka dole a kashe murhu a buɗe tagogi. A ganina ba sai an shafe sili duka da shi ba, ƙaramin gwangwani ya isa a bi wuraren da suka yi tabo. Nau'i na huɗu shi ne mai ɗaure gefen tsohon fenti, kamar Peel Stop. Yana da amfani bayan an kankare duk abin da ya saki, amma wanda ya saye shi don ya guje wa kankara ya yi asarar kuɗinsa.

Wasu kan ba da shawarar a tsarma gam na PVA, wato farin gam irin na kafinta, da ruwa a shafa a madadin waɗannan. Ban goyi bayan haka ba, musamman a ɗakin girki, domin gam ɗin yana hana fenti shiga filasta, kuma yana laushi idan danshi ya same shi.

Game da fentin sama, wanda ba ya ƙyalli ya fi ɓoye tabon gyara, amma na gama-gari ba ya jure tururi da goga. Mai sheƙi yana gogewa da sauƙi, sai dai hasken taga yana tona kowane tudu da kwari a silin da aka yi wa faci. Mafi dacewa shi ne fentin ruwa marar ƙyalli da aka rubuta a jikinsa cewa na ɗakin girki da banɗaki ne, mai jure wanki da hana fumfuna. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, kuma shafi biyu ake bukata.

Idan an fara kankara aka ga fentin yana biyo makankari falle-falle a mafi yawan silin, ko filastar kanta tana amsawa kamar ganga idan an ƙwanƙwasa ta, faci ba zai yi ƙarko ba, gara a kira mai filasta ya sake shafe silin baki ɗaya. Sabuwar filasta kuma sai ta bushe ta yi haske kafin a ba ta siririn shafin fentin ruwa da aka tsarma bisa umarnin da ke jikin gwangwani. Idan ɗakin ba shi da fankar fitar da tururi zuwa waje, a sa ta cikin lissafin sayayya tun farko.