Manhajar DStretch: Gwanar Farfaɗo da Zanen Fenti, Amma Sassaƙa Sai da Tocila

Duk wanda ya shiga cikin masu fita bayan garin Jos don bin gaɓar rafi da gindin duwatsu, suna neman alamomin da mutanen da suka bari, ba zai daɗe ba sai an tambaye shi ko ya sauke DStretch a wayarsa. Wani Ba'amurke masanin lissafi, Jon Harman, shi ne ya fitar da ita a 2005 a matsayin ƙari kan manhajar kwamfuta ta ImageJ, daga baya kuma aka yi ta waya, ta iPhone da ta Android, wadda ake saya da kuɗi. Dabarar da ke cikinta ta girme ta, domin masana a cibiyar JPL ta hukumar NASA sun daɗe suna amfani da ita wajen tace hotunan da ake ɗaukowa daga sama.

Aikinta guda ɗaya ne. A hoton dutse, launuka kan yi kusa da juna ƙwarai har ido ya kasa raba jan fenti da jan dutsen kansa, sai manhajar ta ware su, ta faɗaɗa ɗan bambancin da ke tsakaninsu, ta mayar da hoton cikin wasu launuka masu ƙarfi waɗanda ba na zahiri ba. Akwai zaɓuɓɓuka masu gajerun sunaye: LRE da YRE don jan fenti, YBK don baƙi, LDS kuwa na gama-gari ne. Sunayen ba sa bayyana komai ga sabon shiga, kuma bayanin duka da Turanci yake, amma wanda ya yi yini guda yana latsawa zai gane wanda ya dace da irin dutsenmu.

Inda ta burge ni shi ne kan zanen Geji, a ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi, inda aka zana dabbobi da jan fenti a jikin dutse. Akwai wani gefe da ido ke ɗauka tabon ruwa ne kawai, amma da hoton ya bi ta LRE, sai ga layin baya da ƙafafu sun fito, har mutum ya iya bin lanƙwasar ƙaho da yatsa a fuskar wayar. Wanda zai je Birnin Kudu a Jigawa, inda zanen shanu yake kuma inda Bernard Fagg, wanda ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin duwatsu masu amo, ba zai yi da-na-sanin kuɗinsa ba.

Sai dai mafi yawan abin da ake samu a bakin ruwa ba fenti ba ne, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani. Misalin Ostareliya ya isa hujja. A yankin Sidni, musamman gandun Ku-ring-gai Chase da ke kusa da kogin Hawkesbury, 'yan asalin ƙasar sun sassaƙa siffofin kifi da dabbar kangaru da mutane a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun yashi, ta hanyar huda ƙananan ramuka a jere sannan su goge tsakaninsu har ya zama layi. A gefen ƙoramu kuma akwai dogayen kwarmi inda suke wasa gatarin dutse, kuma kusancinsu da ruwa ba haka kawai ba ne, domin sai da ruwa ake wasa dutse. Bayan ɗaruruwan shekaru na ruwan sama da iska, launin cikin layin ya koma daidai da na sauran dutsen, don haka manhajar da ke neman bambancin launi ba ta da abin kamawa. Abin da ke fito da su shi ne inuwa, shi ya sa masu neman ke zuwa da sassafe ko gab da faɗuwar rana, ko su kwantar da tocila a gefe ta haska dutsen a karkace. Murujuga da ke yammacin ƙasar, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2025 kuma take da sassaƙa fiye da miliyan ɗaya, ta ɗan bambanta, domin a can fatar dutsen ja ce mai duhu, cikinsa kuma ya fi haske, don haka akwai bambancin launi a sassaƙar.

A nan Filato lamarin irin na Sidni ne. Ramukan niƙa da ake gani a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu kusa da rafuka, da ramukan dara, da wuraren da ake kyautata zaton an wasa abin da muke kira gatarin aradu, duk tocilar kasuwar Terminus ta fi manhajar amfani a kansu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan girma, wato manhajar ba ta san fenti ba, launi kawai ta sani. Gansakuka, tsatsar ƙarfen da ke tsattsafowa daga dutse, kashin tsuntsu da hayaƙin wutar makiyaya duka za ta ƙawata su kamar yadda take ƙawata zanen gaske, kuma idon da ya yi tattaki tun asuba yana son ganin saniya zai gan ta. Saboda haka a riƙa ajiye hoton asali kusa da wanda aka tace, a ɗauka a inuwa ba tare da walƙiyar kyamara ba, a kuma ajiye wani abu mai sanannen tsawo a gefe don awo. Babbar fa'idarta a wurina ita ce ta kawar da uzurin masu yayyafa ruwa ko goga alli a kan zane don ya fito a hoto, al'adar da ke lalata shi.

Ɗalibin tarihi ko na ilimin tona kayan tarihi a Jami'ar Jos ya dace ya saye ta, ya kuma koyi ta kwamfuta, wadda ta fi bayar da damar sarrafa hoto. Wanda kuwa yawonsa bai wuce bakin rafi ba, ya fara da tocila mai kyau da sallama ga mai unguwa, domin wasu duwatsun wuraren tsafi ne da ba a hawa sai da izini. Idan aka ci karo da abin da ya yi kama da zanen da ba a san da shi ba, ma'aikatan Gidan Tarihi ya kamata su fara ganin hoton, kafin a sa shi a Facebook tare da kwatancen wurin.