Yadda Aka Fitar wa Motata da Iska a Birnin Perth

'Yan uwa, ina rubuto muku daga Perth, a Yammacin Ostireliya, kan aikin da aka yi wa motata ƙirar Prado bayan bututun man na'urar da ke riƙe ta a kwana ya yi yoyo, ta karkace gefe guda. Tana ɗauke da na'urar KDSS, wadda kamfanin Kinetic na wannan jihar ya ƙirƙiro, Toyota kuma ta fara sanyawa a Lexus GX 470 a 2004. Silinda biyu ce, gaba da baya, da bututun mai ya haɗa: a kwalta suna riƙe sandunan da ke hana mota kwanciya a kwana, a gargada kuma su sake su domin tayoyi su bi ƙasa. Mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, saboda haka da zarar ta shiga bututun, riƙon ya yi sanyi.

Abin da ya ƙayatar da ni shi ne natsuwar bakaniken. Bayan ya sauya bututun, ya ajiye motar a daɓe mai daidaito, ya jona famfo na musamman mai agogon auna matsi, ya tura man da kamfani ya ƙayyade, yana buɗe kusoshin fitar da iska ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin littafi. Ya girgiza motar, ya maimaita har kumfa ta ɗauke, ya daidaita matsin a wajen megafaskal 3 (ma'aunin matsi ke nan), sannan ya auna tsayin hagu da dama ya rubuta mini a takarda.

Sai dai na jigata. Dole ka nemi rana ka jira, kuɗin aiki da awa ake lissafawa, babu ciniki, kuma daga bayan layi ka tsaya kallo. Na yi kewar bencin gareji a gindin darbejiya, inda ana hira ana aiki, a aiki yaro Ƙofar Ruwa ya kawo kaya nan take.

Duk da haka, sau nawa a gida muka ji an ce, "Alhaji, a cire KDSS ɗin nan kawai, ba shi da amfani"? Wani kuma ya ɗura man birki maimakon man da kamfani ya ƙayyade. Makanikanmu suna da basira, kayan aiki suka rasa, kuma mu masu motoci da ke ƙwaron kuɗin aiki muna da kamasho a laifin. Mota mai tsayi haka, in aka raba ta da abin da ke riƙe ta, iyalinmu ne a ciki lokacin da za ta sha kwana da gudu. Kafin a kwance muku ko kusa ɗaya, ku nemi a nuna muku famfon da agogonsa.